Kwas, makirfo ko kati: me mai koyar da yoga zai fara kashe wa kuɗi?

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ina koya wa mata motsa jiki a Abuja, kwanan nan na haɗa da yoga. Sai in yi ta bayani ɗalibai na kallon juna, ba sa ganewa sai na yi da jikina. Na tara 'yan kuɗi. In tafi Rishikesh kwas ɗin horar da malaman yoga na awa 200, ko in yi na intanet tunda ya fi sauƙi?

AMSA: 'Yar'uwa, kafin ki biya ko kwabo, tura wa kowace makaranta tambaya ɗaya: cikin awa 200 ɗin nan, awa nawa zan tsaya gaban mutane ina koyarwa, malami na sauraro yana gyara mini? Wadda ta fara kwana-kwana, ki kyale ta. Matsalarki a baki take, kuma kwas da yawa jiki kawai suke horarwa.

Rishikesh na jihar Uttarakhand a Indiya, a bakin kogin Ganga, makarantun yoga birjik, galibi kwas ɗin kusan wata guda. Akwai na ƙwarai, akwai waɗanda 'yan yawon buɗe ido suke hari. Kada tambarin Yoga Alliance ya ruɗe ki: ƙungiya ce mai zaman kanta a Amurka da ke yi wa makarantu da malamai rajista, ba lasisin gwamnati ba ne. In takardar hukuma kike so, akwai jarrabawar Yoga Certification Board, ƙarƙashin ma'aikatar AYUSH ta Indiya, mai kula da yoga da magungunan gargajiya. Ki kuma tambayi ko akwai rere-reren addinin Hindu a darussan, da ko dole ne, don ki san abin da za ki tarar. Na intanet ya yi, muddin kai tsaye ne, ana ganinki ana jinki. In bidiyo ne kawai aka ɗora, kallo za ki saya.

Amma fa akwai gyaran da ba ya cin ko sisi. In za ki ba da umarni, ki fara da aikin, sai gaɓar, sai inda za ta nufa: "Miƙe ƙafar dama baya." Ki yi shiru su yi, su ja numfashi, sannan ki ƙara. Yawancin sababbin malamai tsoron shiru suke ji, sai su jera umarni biyar a numfashi ɗaya, mai koyo ta kama na farko ta zubar da sauran. In kina fuskantar su, damarki ce hagunsu, don haka ki ce "ɓangaren taga" ko "ɓangaren ƙofa". Sunayen motsin da Sanskirit, tsohon harshen Indiya, su biyo baya, bayan jiki ya gane. Shahararren malamin yoga B.K.S. Iyengar na birnin Pune a Indiya, wanda ya rasu a 2014, ya yi suna ne wajen fayyace umarni, har inda yatsun ƙafa za su kalla. Ɗalibansa kuwa shekaru suke yi a hannunsa. Ɗalibarki da ta zo jiya, abu ɗaya ya ishe ta.

Ki ɗauki muryarki a waya yayin darasi, ki kunna wa ƙanwarki a gida ta bi ba tare da ta gan ki ba. Duk inda ta tsaya tana rarraba ido, nan ne gyaranki. Za ki kuma ji sau nawa kika ce "kun gane ko?" ba gaira ba dalili.

TAMBAYA: Ɗalibaina sun kai 15, muryata na dishewa. Wane makirfo zan saya?

AMSA: Malam, a ɗaki madaidaici mutum 15 ba sa buƙatar makirfo. Rage kiɗan, nisanta janareta, ka daina magana kanka na ƙasa ko ka juya musu baya. In fili ne ko babban zaure, sayi marar waya da ake ratayawa a kunne ya tsaya gefen baki. Na maƙalawa a riga yana gogar yadi duk ka lanƙwasa, ƙarar ta dame su. Gwada shi a shagon kana sunkuyawa, ka tambayi awa nawa caji ke kaiwa. Dishewar in ta wuce mako biyu zuwa uku, ga likita.

TAMBAYA: Na ga ana tallar katin neman izinin taɓa ɗalibi. Ya cancanci kuɗin jirgi daga waje?

AMSA: Dabarar ta yi, sayen ne bai zama dole ba. Yanki kwali, gefe ɗaya ki rubuta "gyara ni", ɗayan "kada a taɓa", kowa ta ajiye a bakin tabarmarta, ta juya shi duk lokacin da ta ga dama. Mai kunya ba za ta iya ce miki a'a a gaban jama'a ba, amma za ta iya juya kwali. Ko katin ya nuna izini, ki faɗi inda za ki sa hannu kafin ki sa.