Surukai a otal?

Kai jikana, ashe ka yi girman da za ka yi mini irin wannan tambaya? Wai ko abin kunya ne ka sauke dangin amaryarka na Garwa a otal ɗin Porte Mayo na nan Marwa, arewacin Kamaru, tunda gida ya yi kaɗan. Na yi dariya har kakarka ta leƙo, amma daren nan ban runtsa da wuri ba.

Otal ɗin na san shi tun ina saurayi, ina kai wa babana jakunkuna da takalman fata can. Ɗakuna ne irin bukkokinmu, da jinkar ciyawa, cikin inuwa, kusa da kogin Mayo Kaliyawo. A lokacin Turawa ke kwana a ciki kafin su wuce dajin Waza kallon giwaye, musamman bayan an mai da dajin gandun ƙasa a 1968. Dukawan Marwa sun ci arziki da su, har zuwa 2013 da aka sace wasu Faransawa kusa da Waza, ƙafa ta ɗauke. Mu dai wurin ciniki muka ɗauke shi.

Wata rana da sanyi, wani bafatake Bakano, abokin cinikin babana, ya iso da tsakar dare. Don gudun tashin mutane sai ya kama ɗaki can. Da asuba labari ya zo masallaci. Baba bai ko sha koko ba, ya ja ni muka tafi. Ya same shi, bai ce masa ci kanka ba, ya ɗora mini akwatinsa a kai, ya riƙe buta da buzun sallarsa da kansa. Sai da muka zo zaure ya ce, "Alhaji, mutuwa ka ji na yi?" Bawan Allah ya yi ta rantse-rantse. Ni aka kora daga ɗakina, na koma kwana cikin fatu, ga wari.

Baba kan ce baƙonka annabinka. Inna kuwa ta ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ku yanzu kun gina gida da falo biyu, ba zaure, maƙwabci ma ba ku san sunansa ba balle ya ara muku ɗaki.

Samarin dai, to, su suka sani. Amma a cikin masu zuwan akwai gwaggon yarinyar? Bincika ka faɗa mini kafin Juma'a, in sa a share ɗakin kakarka.