Hajiya, ki duba saiwar okid ɗin kafin ki ƙara ruwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki, kin ce an kawo miki okid, shukar furen nan ta ado, daga Abuja cikin 'yar tukunyar roba, kullum da safe kina ba shi ruwa saboda zafin ga da muke ciki amma ganye sai yanƙwanewa yake, wai ko ki ƙara ruwa ko ki sa mishi taki. Don Allah dakata da duka biyun tukuna, ki zaro shi daga tukunyar ki dubi saiwa.

Irin da ake kawowa kyauta yawanci Phalaenopsis ne, mai faffaɗan ganye, kuma a dajinshi na Asiya bisa itace yake maƙalewa, saiwarshi a iska take, ruwan sama ya jiƙa ta ya wuce ta bushe. To masu saidawa suna cusa shi cikin busasshiyar gansakukar nan da ake ce ma sifagnum, ita kuwa kamar soso take, sama ta bushe ƙamas amma tsakiya jagab. In kina zuba ruwa kullum saiwar ruɓewa take yi, in ta ruɓe ba abin da zai kai ma ganye ruwa, sai ya yanƙwane, ke kuma ki ɗauka ƙishirwa ce ki ƙara. Saiwa mai lafiya tauri gare ta, in ta sha ruwa kore shar, in ta bushe ta koma fari-fari mai ɗan ƙyalli. Wadda ta yi baƙi ko kinka latsa ta lotse, wannan ta tafi, ki yanke da almakashi mai tsabta.

Shi ya sa ni in anka tambaye ni bayan kwana nawa ake ba shi ruwa, sai in ce cikin mi yake zaune? In gansakuka ce, ki tura yatsa can ciki ko ki ɗaga tukunyar ki ji nauyi, sai ta yi sakayau sannan ki jiƙa, ko a Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 tana iya kai sati a cikin ɗaki. In ɓawon itace ne labari ya canza, shi ba ya riƙe ruwa, balle sabo, a bazara da hunturun Sakkwato bayan kwana biyu uku ya bushe, kuma yayyafi ba ya yi mishi komai, sai ki tsoma tukunyar cikin roba kamar minti 15 ki cire ta tsane sarai. Ɓawon kwakwa tsaka-tsaki ne, yana riƙe laima fiye da na itace, amma ki jiƙa shi ki yi ta canza ruwan kafin ki yi amfani da shi don yakan zo da gishiri. Ni abin da ya karɓe ni nan gida shi ne ɓawon kwakwa da gawayi da ɗan tsingaro a ƙasa, duk abin da ake samu ba wahala, gawayi da tsingaro ba su ruɓewa kuma iska na shiga. Ƙasar lambu kam ko kusa, kashe shi za ta yi.

Sai maganar ruwan kanshi, wadda mutane ba su cika kula ba. Ruwan bohol na wasu unguwanni yana da nauyi, za ki ga fari-fari na taruwa a bakin tukunya, kan saiwa ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Da damina ki tari ruwan sama, in kuna da AC ruwan da ke ɗiga bayanta ma yana yi, in NEPA sun ga dama ke nan. Da safe ake ba shi, kuma kar ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye, in ya shiga ki sa tishu ki tsotse, nan ne ruɓa ke farawa kuma in ta kama nan da wuya ya tashi.

Taki kuwa, ba takin gona ba, ba yuriya ba, ba kashin shanu ko na kaji ba. Na ruwa ake nema ko garin da ke narkewa, irin wanda anka rubuta 20-20-20 a jikinshi, ki ɗauki kwata na abin da anka rubuta a jikin leda. A ɓawon itace da gawayi kina iya sawa duk sati in yana fidda sabon ganye, tunda wucewa yake yi, amma a gansakuka sau ɗaya a wata ya isa don ita tara shi take. Ki fara jiƙa saiwa da ruwa zalla kafin taki, kuma sau ɗaya a wata ki kwarara ruwa da yawa ya wanke gishirin da taki ke bari. Naki dai yanzu ba taki sam sai kin ga sabuwar saiwa ta leƙo da koren kai.

Ki aje shi kusa da taga inda haske ke shiga amma rana ba ta dukanshi, nesa da bakin AC. Da hunturu ki riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen ƙyalle, sanyin dare na Disamba da Janairu shi ke sa ya fiddo sandar fure, saboda haka kar ki yar da shi don furen ya zube. In kin zaro shi ki turo mana hoton saiwar mu gani nawa ta rage.