Ku Tambayi Likita: Takardar awon barci ta ce 38, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 52, ina da hawan jini. Maiɗakina ta daɗe tana cewa ina minshari, numfashina ya ɗauke, sai in zabura kamar an shaƙe ni. An maƙala mini na'urar awon barci na kwana da ita a gida. Takardar ta fito da IAH 38, SpO2 mafi ƙasa 79%, an ce in fara PPC. Mene ne ma'anar wannan, kuma dole sai injin? Daga wani Alhaji, Sabon Gari, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. IAH (a takardun Najeriya AHI ake rubutawa) ƙidaya ce ta sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai cikin kowace awa ta barci, kuma ba a ƙirga shi sai ya kai daƙiƙa 10. Ƙasa da 5 lafiya lau ne, 5 zuwa 14 kaɗan, 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 kuwa mai tsanani. Naka 38, wato kusan kowane minti ɗaya da rabi maƙogwaronka yana rufewa, iskar oksijin ta faɗi a jini, ƙwaƙwalwa ta tashe ka ba ka sani ba. Dalilin ke nan da mutum zai kwanta awa takwas amma ya yini yana gyangyaɗi a shago, ga yawan fitsarin dare, ga hawan jini da ya ƙi jin magani. Ka kuma sani awon gida yakan rage lambar, don yana raba ƙidayar da dukan lokacin da na'ura take kunne, har da wanda kake kwance idonka biyu.

SpO2, wato yawan oksijin a jini cikin 100, na mai lafiya 95 ne zuwa sama. Faɗuwa zuwa 79 ba ƙaramar magana ba ce, amma layin T90 ya fi ta faɗin gaskiya: tsawon lokacin da oksijin na jinin ya yi ƙasa da 90. Duba kuma ko tsayawar numfashin ta toshewar maƙogwaro ce ko ta ƙwaƙwalwa, wato ƙwaƙwalwar ce ta daina ba da umarnin numfashi. Ta ƙwaƙwalwar takan samu mai ciwon zuciya ko mai shan magunguna irin su tiramol, kuma maganinta daban.

A 38, e, injin ne. Injin PPC, wanda ake kira CPAP, ba oksijin yake bayarwa ba. Iskar ɗaki yake hurawa ta tiyo da takunkumi, ta tokare maƙogwaro ya zauna a buɗe. Ƙarfinta tsakanin 4 ne da 20 a ma'aunin injin, likita ke saita shi, ko a ba ka mai daidaita kansa. Kwana biyu ko uku na farko ka riƙa sa takunkumin da rana na minti 20, kana sauraron rediyo, har jiki ya saba. Da dare kunna maɓallin da ke fara iskar a hankali daga 4 ko 5. Mafi ƙarancin abin da ake nema awa 4 a dare, amma mu dai muna cewa duk daren, har barcin bayan azahar, domin injin ba ya aiki sai a daren da aka sa shi. Da safe allonsa zai nuna sabon IAH; ƙasa da 5 ake so.

Rage ƙiba na taimakawa: zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyi yakan rage lambar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ga daga 38 bai isa a jingine injin ba. Kafin gyangyaɗin ya bar ka, kada ka riƙe sitiyari zuwa Yamai ko Katsina, a sami direba. Ƙwayoyin sa barci kuma a bar su, ƙara sakin maƙogwaro suke yi.

Tambaya: Maigidana ya yi mako biyu da injin, amma tsakar dare sai in tarar ya fizge takunkumin. Yana kukan bushewar baki, iska tana shiga masa ido, cikinsa kuma na kumbura. Daga wata Hajiya, Bagalam.

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya. Bushewar baki ga mai takunkumin hanci alama ce yana buɗe baki a barci, iska ta shiga ta hanci ta fice ta baki. A sa maɗaurin haɓa, ko a canza zuwa takunkumi mai rufe hanci da baki. Idan hancin ne a toshe, kamar yadda hunturu ke yi, a wanke shi da ruwan gishirin farmasi kafin kwanciya, a ƙara zafin ɗan tankin ruwan da ke jiƙa iskar. Ruwan da aka tace ta tururi ya fi. Na famfo yana barin farin dattin da ke daskarewa a tanki, kuma kullum a zubar a sake.

Iskar ido yoyo ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara tamke igiya, robar ta lanƙwashe, yoyon ya ƙaru, karan hanci ya yi gyambo. Ya kwanta tukuna, a kunna injin, a ɗaga takunkumin kaɗan a mayar, sannan a ja igiya daidai yadda yatsu biyu za su shiga. Maiƙon fuska na sa roba santsi, a wanke ta kowace safiya da sabulu marar ƙamshi. In yana da gemu mai yawa, irin mai shiga ƙofar hanci kawai ya fi zama. Kumburin ciki kuwa haɗiyar iska ce, sau da yawa ƙarfin ya yi yawa. Kada ku taɓa saitin da kanku. Ku kai wa likita injin ko ɗan katin da ke cikinsa, duk abin da ya faru da dare yana rubuce.

Tambaya: In an ɗauke wuta ina barci, ba zan shaƙe ba? Kuma an yi mini tayin injin na hannu. Daga wani malamin makaranta, Tibiri.

Amsa: Ba za ka shaƙe ba, Malam. Takunkumin yana da ƙananan hudoji na fitar numfashi, mai rufe baki kuma yana da bawul da ke buɗewa da zarar iska ta tsaya. Hudojin nan kada a toshe su da sunan gyaran yoyo. Batir na sola zai riƙe injin har asuba idan ka kashe mai ɗumama ruwan, don shi ne mai cin wuta. Filta kuma, da ƙurar Maradi, a duba ta kowane mako.

Na hannu, sai da sabon takunkumi da tiyo da filta, likita ya sake saita shi da awonka. Ka duba sunansa: a 2021 kamfanin Philips ya janye injinsa DreamStation na farko da wasu injunansa saboda soson da ke ciki yana rugurgujewa, zafi da laima suna ƙara lalata shi. In irinsa ne kuma ba shaidar an canza soson, ka mayar wa mai shi.