Kada ka yanke numfashin Shata

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na ce ka sake aikin kaset ɗin Shata daga farko, bayan duk wahalar da ka sha a kansa. Ka ce ai aikinmu shi ne mu miƙa wa mai kaya sauti tas: ka kashe shuu ɗin zare, ka datse hayaniyar farko, ka haɗe guraben da aka yi shiru, ka danne guɗar matar nan da ke tsakiyar waƙa. Ka ce da me ka yi laifi?

Hannunka ya iya kwamfuta, wannan ba na musu. Kunnenka ne bai riga ya rarrabe ba tsakanin abin da zare da rikoda suka ƙara wa waƙa, da abin da ya faru a filin wasa a daren da aka ɗauka. Shuu, gunjin wutar lantarki, rawar murya da tsohon bel ke jawowa, waɗannan datti ne, a rage su. Amma tarin mai waƙa, dariyar 'yan amshi, kururuwar sanƙira, guɗa, da shirun da ya bari da gangan, waɗannan na cikin waƙar. Kai kuma ka haɗa su duka ka share.

Dattijon da ya kawo kaset ɗin ba waƙar yake nema ba. Waƙar tana cikin wayar jikansa, 'yan dawunlodin sun zuba masa ita da wasu ɗari a memori. Abin da ya sa ya adana wannan kaset shekara da shekaru a ƙasan akwati shi ne wani ɗan wuri a ciki, wanda bai fi ƙiftawar ido biyu ko uku ba. Duk masoyin Shata na gaske haka yake. Ka zauna da su a majalisa ka gani: ana hira, waƙa tana tafiya, ba wanda ya kula, sai wani ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, ga wurin nan ya zo. Ya wuce, a mayar baya, a sake ji. A zamanin rikoda, wurin da aka fi mayarwa shi ne ya fi cinyewa a jikin zare. Idan ka ji sauti ya dushe a wuri guda tak sannan ya dawo, sau da yawa nan ne mai kaset ya fi so, kuma nan ne ya kamata ka fi taka-tsantsan.

Ni wurin da na fi so yana farko-farko, daidai inda ka datse. Kalangu ya tashi, kuntuku ya bi, 'yan amshi sun ɗauki amshi suna juya shi sau biyu, sau uku, sau huɗu, shi kuma bai ce komai ba. Ba wanda ya san lokacin da zai shiga, har makaɗansa. Idan ka sa abin sauraro a kunne ka natsu, za ka ji ya ja numfashi dab da makirfo, sannan murya ta faɗo. Wannan numfashi shi ne ke gaya wa mai sauraro ya gyara zama. Da ka cire shi, sai muryar ta zama kamar an jefo ta ta taga. Ka ce ka cire ne don kada mutum ya gaji da jira. To jiran nan Shata ne ya tsara shi, ba rikoda ba.

Sai maganar kalangu, wadda a kanta ne na fi jin zafin aikinka. Ka san makaɗi yana riƙe kalangu a hammata, yana matse tsarkiya yana saki, fatar ta ɗaure ko ta sassauta, sautin ya hau ko ya sauka kamar yadda maganar Hausa ke hawa da sauka. Shi ya sa kalangu ke iya faɗin taken mutum, mai kunne ya gane wa ake nufi tun ba a ambaci sunansa ba. Maganar ba a bugun take ba, tana cikin jelar bugun: ɗan gunjin da ke biyo baya yana lanƙwasa sama ko ƙasa kafin ya mutu. Jelar nan siririya ce, ƙarfinta bai fi na shuu ɗin zare da yawa ba. Da ka ba manhaja umarnin ta kashe shuu gaba ɗaya, ba ta san bambanci ba, ta haɗa da jelar ta cinye. Ka sake sauraron naka: bugu yana nan, tak, tak, tak, amma kalangun ya zama bebe. A cikin asalin kaset akwai inda babban makaɗi ya riga Shata, ya faɗi magana da ganga, Shata ya ɗan dakata kamar mai cewa na ji ka, sannan ya maimaita ta da baki. A naka, an ji amsa, ba a ji tambaya ba.

Dalilin da ya sa wannan ya fi nauyi a kan Shata fiye da wasu shi ne yadda yake waƙa. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna zama da yaransu su gina waƙa, shi ya sa za ka ji jagora ya fara ɗan waƙa, yara su karɓe su ƙarasa masa ba tare da tuntuɓe ba. Daɗin nasu yana wurin karɓar nan, yadda muryoyi ke haɗuwa a gaɓa guda. Shata kuwa nan take yake ƙirƙira. 'Yan amshinsa amshi kawai suke riƙewa, sauran kuwa abin da ya zo bakinsa a wannan dare ne. Ko Bakandamiya, wadda kowa ya sani, ba ɗauka ɗaya ba ce: an ɗauke ta a lokuta daban-daban, kuma ba ka samun biyu da suka zo iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Don haka idan ka yanke wani abu a kaset ɗin biki, mai yiwuwa ka yanke abin da babu shi a ko'ina a duniya. Tun da ya rasu a watan Yuni na 1999 aka binne shi a Daura, ba sauran wanda za a ce wa ya sake.

Irin wannan ƙirƙira ita ke haifar da wurin da ka kira kuskure. Yana cikin yabon mutum guda, sai ka ji ya karya ɗan waƙar a tsakiya ya juya kan wani. Wani babban baƙo ne ya shigo fili, ko an yi masa kyautar da ta girgiza shi. 'Yan amshi ba su shirya ba, ɗaya ya shigo da wuri, sauran suka biyo a makare, aka ji wata 'yar dariya a bayan makirfo, sannan kowa ya koma kan layi. Kai ka ga tangarɗa ka gyara, ka jawo amshin ka daidaita shi da kiɗa. Ni kuwa a wannan tangarɗar nake ganin filin: fitilu, ƙura, mutumin da ya shigo da babbar riga, da yadda Shata ya hango shi tun daga nesa. Guɗar da ka danne ma a nan ta zo. Matar ba ta rangaɗa guɗa a banza ba, abin da aka faɗa ne ya kai a yi masa guɗa. Ita ce shaidar cewa maganar ta sauka inda aka aika ta.

Shirun kuma, wanda ka haɗe. Wani lokaci yakan jefa magana mai nauyi, habaici ko zambo, sai ya ƙyale ta. Kiɗa na tafiya a hankali, ba murya. Yana ba jama'a lokaci su gane wanda aka soka. Za ka ji filin ya ɗan yi tsit, sannan hayaniya ta tashi daga baya, ta iso gaba. Idan ka matse wannan gurbi, ka kashe habaicin.

Kada ka ɗauka Shata kaɗai ke da wannan. Ka saurari Ɗanmaraya Jos: shi da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ba ganga. A tsofaffin ɗaukarsa ana jin motsin yatsa a kan tsarkiya tsakanin sauti da sauti. Yaran yanzu suna jin wannan su ce ƙara ce. Allah ya shirye ku.

To yanzu ga yadda za ka sake aikin, kuma rabinsa kafin ka taɓa kwamfuta ne. Ka ɗauki auduga da sifirit ka goge kan rikoda, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zare, da sandar da ke jan zare, ka duba robar da ke matse shi, ka bari su bushe. Tsohon kaset yana zubar da garinsa, shi ya sa za ka ga audugar ta yi ja. Ka duba ɗan soson da ke cikin kaset ɗin, wanda ke danna zare a kan kai; in ya faɗi, sauti ba zai taɓa fita daidai ba sai ka mayar. Ka tura zaren gaba har ƙarshe ka dawo da shi don ya saki jiki. Sannan ka sa kaset, ka ɗauki ƙaramin sukundireba, ka juya sukurun da ke gefen kai a hankali kana sauraro. Kowane kaset da karkatar kan rikodar da ta ɗauke shi. Akwai gaɓar da za ka ji sauti ya buɗe, kaifin makaɗi a kan fata ya fito, haruffan bakin mai waƙa sun rarrabu. Nan za ka tsaya. Abin da ka rasa a wannan mataki, babu manhajar da za ta dawo maka da shi.

Ka kula da gudu. Zaren kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, amma rikodar da aka ɗauki biki da ita da batir mai rauni tana jan zare a hankali, in ka sa shi a lafiyayyar rikoda sai murya ta haura ta yi siriri. Ƙarin kashi 6 cikin ɗari kawai ya isa ya ɗaga murya mataki guda irin na madannan fiyano, ya mayar da dattijo saurayi. Kai ba ka taɓa jin Shata a fili ba, don haka ka riƙa gwadawa da ɗaukar gidan rediyon Kaduna ko ta faifai mai kyau ta kusan wannan zamani. Akwai wata dabara kuma: wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. In an ɗauki waƙar da rikoda a jone da wuta, gunjin ya shiga zare, kuma manhaja za ta nuna maka shi. In ka gan shi a 52, ka san zaren yana gudu fiye da kima da kashi 4 cikin ɗari. Sai dai ka yi hattara, kaset ɗin kasuwa kwafi ne na kwafi, gunjin yana iya zama na mai kwafin, ba na filin wasa ba, ko kuma an yi da janareto wanda bai tsaya a kan 50 ba. Bayan ka gama amfani da gunjin, ka cire shi a manhaja da siririyar wuƙa, wato ka yanke shi kaɗai ban da sautin da ke kusa da shi, shi da 'ya'yansa na 100 da 150. Kada ka sare ƙasan sauti duka, can ne kaurin kalangu yake.

Akwai abu guda da zai ruɗe ka, tun da na ce kada ka taɓa shiru. Wani lokaci a cikin shirun za ka ji muryarsa can ƙasa-ƙasa tana faɗin abin da zai faɗa nan gaba kaɗan. Wannan ba daga fili ba ne. Zare ne ya daɗe a naɗe, maganaɗisun wani zagaye ya bi ta jikin na kusa da shi. Wannan kana iya rage shi, da hannu, a wannan wuri kaɗai.

Shuu kuwa, ka rage kaɗan ka bar saura. Ka zaɓi samfurinsa da za ka nuna wa manhaja daga inda zare ke tafiya babu kowa a kai, ba daga cikin shirun fili ba, don shirun fili cike yake da mutane. Kunne yana manta shuu bayan minti ɗaya. Muryar da aka wanke har ta koma kamar daga cikin ruwa take fitowa, ita kunne ba ya yafewa.

Ka fara ajiye ɗauka ta asali a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a ma'aunin ɗauka na 44,100 a daƙiƙa, ba tare da ka taɓa komai ba, ka rubuta abin da ke jikin kwalin kaset ɗin, ko da rubutun biro ne da ya dushe. A kan kwafi za ka yi gyara. MP3 na ƙarshe ne, don wayar mai kaya.

Kaset ɗin nan C90 ne, minti 45 kowane gefe, kuma waƙar ƙarshe ta gefen farko ta yanke a tsakiyar ɗan waƙa, ta ci gaba a bayansa bayan an yi asarar abin da aka yi asara lokacin juyawa. Na ga ka ɗebo amshi daga wani wuri ka liƙa don kada a ji gurbin. Cire shi. Ka bar daƙiƙa biyu babu komai, ka rubuta a jikin fayil cewa nan aka juya kaset. In dattijon ya zo ranar Asabar, ka ba shi kujera, ka sa masa tun daga farko, ka tambaye shi wurin da yake so. Ka kwatanta wurin da na asali a gabansa kafin ka karɓi kuɗinsa.