Haruffan ƙ, ɗ da ɓ sun koma shirme a manhajata, in share su?

Tambaya: Malam, na rubuta ƴar manhaja da Python don jera sunayen ɗaliban Islamiyyarmu. Da na buɗe fayil ɗin, sai na ga Balƙisu ta koma "BalÆ™isu". Wani ya ce in yi replace() in mayar da ƙ duk zuwa k in huta. Jarabawa ta matso, ina tsoron sunaye 400 sun lalace.

Amsa: Kwantar da hankalinka, sunayen suna nan lafiya. A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi a matsayin lambobi da ake kira bait (byte), ƙ bait biyu ce, C6 da 99. An rubuta fayil ɗin da UTF-8, aka karanta shi da wani tsarin daban, cp1252 na Windows, wanda ya ɗauki kowane bait a matsayin harafi guda, shi ne Æ da ™. Ka sake buɗewa da open(fayil, encoding="utf-8"). In Excel za ka tura wa, ka ajiye da "utf-8-sig", in ba haka ba shi ma zai kwaɓa.

Shawarar replace() ɗin nan kuwa, kusan kullum sai na ci karo da ita, kuma ta ishe ni. Ciwon yana wurin karanta fayil, an je ana yanke wa haruffa lanƙwasa. Da ka mayar da ƙ zuwa k, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, kuma babu umarnin da zai dawo maka da su, domin kwamfuta ba ta san wace k ce ta asali ba. Sai ka zauna ka bi sunaye 400 ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Akwai wadda ta fi wannan muni, da masu koyarwar "Python cikin kwana bakwai" ke yaɗawa: encode("ascii", errors="ignore"). Wannan ba ta canza harafin, haɗiye shi take yi gaba ɗaya, ko tari ba ta yi. Ɗanladi ya koma anladi. Na taɓa ganin takardun sakamako da aka buga haka, iyaye suka cika ofishin makarantar, wanda ya rubuta manhajar yana rantsuwa laifin firinta ne. Wasu kuma su ce a yi normalize("NFD") a cire lanƙwasar kamar yadda ake yi wa é ta Faransanci. Ba ta aiki. A Unicode, kundin da ya ba kowane harafi lambarsa, ƙ harafi ne mai zaman kansa, U+0199, ba ya rabuwa gida biyu. Python ta san shi sarai: upper() tana ba ka Ƙ, len("ƙasa") kuma 4 ne.

In har ka riga ka ajiye shirmen a kan fayil na asali, gwada s.encode("cp1252").decode("utf-8"), inda s shi ne rubutun da ya lalace, amma a kan kwafi. Ka kula da babbar Ɓ: bait ɗinta na biyu 81 ne, cp1252 ba shi da harafi a gurbin, don haka sunayen da ke da ita sai ka gyara su da hannu.