Tambaya da Amsa: Wace kariyar gwiwa ce ta dace da mai hawan keke a duwatsun Zariya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello, ina zaune a Samaru. Kusan shekara guda ke nan da na sayi keken hawan duwatsu, kuma kowace Asabar da sassafe ni da abokaina mukan bi ta Wusasa mu nufi gindin Dutsen Kufena, mu yi ta hawa da gangara har rana ta ɗaga. Watanni biyu da suka wuce taya ta zame mini a kan tsakuwa, na faɗi a kan gwiwar dama, sai da na yi mako uku ina ɗingishi. Da na warke na sayi kariyar gwiwa a kasuwa, amma ta zame mini alaƙaƙai: tana sulluɓewa ƙasa, tana cin bayan gwiwata har fata ta saɓule, ga gumi kamar an kwara mini ruwa. Yanzu a jaka nake barin ta. Don Allah wace iri ce zan saya, kuma ta yaya zan gane mai kyau? Daga wani mai karatu a Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma kiyaye gaba. A duk wasiƙarka maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce cewa a jaka kake barin ta, domin a nan ne mafi yawan masu hawa suke yin asara sau biyu, kuɗi ya tafi, gwiwa kuma tana nan a fili. Saboda haka zan fi ba da ƙarfi a kan daɗin sawa da dacewa da ƙafa. Ka yi lissafi da kanka: mai tuƙin da ke juya feda sau 80 a minti ɗaya, gwiwarsa tana lanƙwashewa ta miƙe sau 4,800 a cikin awa guda. Ɗan ɗinkin da ya taɓa fata, wanda ba za ka ko kula da shi ba a cikin shago, idan ya goge ta sau dubbai a cikin gumi da ƙura, gyambo zai bari.

Bisa ga yadda ka kwatanta, ina kyautata zaton abin da aka sayar maka ba don keke aka yi shi ba. A kasuwa akan haɗa iri-iri a tebur ɗaya: akwai ta masu shimfiɗa tayil da sauran masu aikin durƙuso, akwai ta 'yan ƙwallon raga da masu tsaron gida, akwai kuma ta yara masu wasa da takalmi mai taya. Ta masu durƙuso an yi ta ne don ɗaukar nauyin mutum a wuri guda, igiyoyinta kuma daidai lanƙwasar gwiwa suke bi, wato daidai inda take cin ka. Ta 'yan ƙwallo soso ne zalla, yana isa a kan daɓe mai santsi, amma kan dutse mai kaifi zai ratsa shi. Ta keke kuwa tun daga ɗinki a ɗan lanƙwashe take, kamar yadda ƙafa take a kan feda, kuma abin da ke riƙe ta yana can sama a cinya da ƙasa a kan sha-raɓa, bayan gwiwa kuma an bar shi da yadi mai huji-huji ko a buɗe gaba ɗaya.

Ita ma ta keken ba iri ɗaya ba ce. Akwai marar nauyi da ake zurawa kamar safa, wadda ta dace da mai doguwar tafiya a kan hanyoyin gonaki da burji. Akwai matsakaiciya mai kauri a gaba da ƙananan sosuna a gefe da gefe. Akwai kuma mai ƙoƙon roba mai tauri a waje, wani lokaci har da tsawo zuwa ƙwauri, wadda masu gangarowa daga tsauni a guje suke sawa, kuma su galibi ba su cika tuƙawa zuwa sama da ita ba. A ganina matsakaiciyar ce taka. Dutsen Kufena da ire-irensa a ƙasar Zazzau suna da kaushi, falalen dutsen yana kankare fata kamar magagari, saboda haka marar nauyin nan za ta iya yagewa a faɗuwa ɗaya. Mai ƙoƙon kuwa, idan ka sa ta ka tuƙo tun daga Samaru a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin rana kan kusanci digiri 40, kafin ka kai Wusasa za ka cire ta, mu koma gidan jiya. Kada ka raina sosunan gefe, domin sau da yawa ba ƙasa ce ke bugun gwiwa ba, ƙarfen keken ne da kansa yake dukan ta ta ciki idan keke ya karkace.

Abin da ya sa a yau ake samun kariya mai laushi da ke tare bugu shi ne irin kayan da ake cusawa a cikinta. Mafi shahara shi ne D3O, na wani kamfani a Ingila, wanda ake gane shi da launin ruwan lemo. Akwai kuma SAS-TEC na Jamus, da VPD na kamfanin POC na ƙasar Suwidin. Duk wanda ya taɓa wasa da gasarar koko ya san sirrin: idan ka tura yatsa a hankali zai nutse, idan kuwa ka buga da sauri sai ka ji ta yi tauri. Haka waɗannan kayan suke, suna bin motsin gwiwa a lokacin tuƙi, amma da zarar bugu ya zo sai su ƙage na ɗan lokaci su rarraba ƙarfinsa. Da sanyin safiya a lokacin hunturu za ka iya jin wasunsu sun ɗan sandare, kada hakan ya dame ka, ɗumin jiki yana sassauta su bayan 'yan mintoci.

Game da gane mai kyau, ka juya ta ka nemi tambarin gwaji, ko a jikin yadin ko a kan abin da ke cikin aljihunta. Lambar da kake nema ita ce EN 1621-1, ma'aunin Turai ne da aka kafa don masu babur, amma shi ne manyan kamfanonin kayan keke suke bi. A gwajin ana sako ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin kusan mita ɗaya a kan kariyar, sannan a auna ƙarfin da ya ratsa ta. Mataki na 1 shi ne wanda matsakaicin abin da ya ratsa bai wuce kilonutan (ma'aunin ƙarfin bugu) 35 ba, mataki na 2 kuma bai wuce 20 ba, wato na 2 ya fi tare bugu, sai dai yawanci ya fi kauri da zafi. Harafin K yana nufin ta gwiwa ce, E kuma ta gwiwar hannu. Akwai wata alama da ta shafe mu fiye da Turawan da suka ƙirƙiro ta, wato T+, wadda ke nuna an sake gwada kayan a zafin digiri 40 kuma sun ci jarrabawar; idan ka sami mai ɗauke da ita, ka fifita ta. Ga irin hawan da kuke yi mataki na 1 ya wadatar. Sai dai in ja kunnenka, haruffan CE, wato alamar cika ƙa'idar Turai, su kaɗai ba hujja ba ce, domin masu jabu suna buga su a kan komai. Ta gaskiya tana zuwa da cikakkiyar lamba, da mataki, da sunan kamfani, ɗinkinta kuma a tsare yake.

Yanzu ga awo, wanda shi ne gishirin maganar. Ka ari tef wajen tela, ka tsaya a miƙe ba tare da ka ƙanƙame tsoka ba, ka auna kewayen cinya kimanin santimita 10 sama da tsakiyar ƙoƙon gwiwa, sannan ka auna sha-raɓa a inda ta fi kauri. Ka auna ƙafafun biyu, domin wadda ta sha jinya takan ɗan rame. Kowane kamfani yana da jadawalinsa da kuma wurin da yake so a auna, matsakaiciyar wannan tana iya zama babbar wancan, saboda haka kada ka dogara da harafin girma da ke jikinta, da lambobinka za ka yi ciniki. Idan awonka ya faɗa tsakanin biyu, ka ɗauki ƙaramar muddin ba ta shaƙe ka ba, domin roba saki take yi da amfani, ba ta taɓa komawa baya.

Idan a hannu za ka saya, kada kunya ta hana ka gwadawa a gaban mai kaya. Ka sa ta a kan fata, ka tsuguna ka tashi sau goma sha biyar, ka ɗaga gwiwa kamar mai hawa bene, in da hali ka hau keke ka zagaya layin. Sannan ka sa tafin hannu ka tura ta ƙasa da ƙarfi, ka kuma murɗa ta gefe. Idan ta bar kan ƙoƙon gwiwa a hannunka, to a kan dutse ma za ta bari, kuma a daidai lokacin da kake buƙatar ta. Wannan ya taɓa faruwa da ni a wani kwazazzabo bayan ruwan sama: kariyar ta tsira ba ko ƙwarzane, ta koma ƙwauri, gwiwar ce ta sha ƙasa, kuma tun daga ranar ban ƙara sayen wadda ban gwada haka ba. A ɗaya ɓangaren, idan bayan minti goma ka ji ƙafa tana mutuwa, ko kana jin kamar ana tsira wa yatsu allura, ko ka cire ka ga roba ta bar zurfin shaida a fata, ta yi maka kaɗan. Ka duba bakinta na sama ta ciki, mai kyau tana da layin roba mai danƙo da ke kama fata, kuma wadda ta hau cinya sosai ta fi zama daram fiye da gajera mai igiya a matse.

Saɓulewar fatar da ka yi kuka da ita, rabinta daga ɗinki ne, rabinta daga datti. Gishirin gumi da jar ƙurar hanyoyinmu idan suka bushe a cikin yadi sukan zama kamar yashi. Ka riƙa wanke ta da hannu da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ka zare abin cikin idan mai zaruwa ne, ka shanya a inuwa, kada ka ɗora ta a kan kwano ko katanga a tsakar rana, domin zafi yana kashe roba. Kafin ka hau, ɗan man shafawa a lanƙwasar gwiwa yana rage gogayya, amma kada ya taɓa inda robar riƙo take zama. Kuma ka bari fatar ta warke sarai kafin ka sake sa wata.

Na san aljihun ɗalibi, kuma ban hana ka zuwa wajen 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari ba, domin akan dace. Sai dai ka ja robar ka gani ko tana komawa, ka lanƙwasa abin cikin a gaban haske ka duba tsagewa ko wurin da ya lotse bai taso ba, ka kuma tabbata ta dama da ta hagu ce, ba ƙafa ɗaya aka haɗa maka biyu ba.

Abu na ƙarshe da ya wajaba in faɗa maka shi ne iyakar amfaninta. Tana tare bugu da ƙujewa, amma ba ta hana targaɗe ko tsinkewar jijiya idan ƙafa ta murɗe. Ɗingishin mako uku ba ƙaramin abu ba ne. Idan har yanzu gwiwar tana kumbura, ko tana kullewa, ko kana jin kamar za ta goce a kan gangara, ka je likitan ƙashi ya duba ka kafin ka koma Kufena, ga asibitin koyarwa nan a Shika kusa da ku. Idan kuwa gaban gwiwa ne ke ciwo bayan doguwar tafiya ba tare da faɗuwa ba, ka duba sirdi, wataƙila ya yi ƙasa: ka zauna ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, wannan shi ne tsayin da za ka fara da shi.

TAMBAYA: Malam, ɗana ɗan shekara 12 ya matsa sai ya bi yayyensa hawan keke a bayan gari. Na yi niyyar saya masa babbar kariyar gwiwa don ya daɗe yana sawa. Ko hakan ya yi? Daga wata uwa a Tudun Wada.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Dabarar nan tana aiki a riga da takalmin makaranta, amma a nan ba za ta yi ba, domin babba za ta zame tun kafin gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ki saya masa daidai ƙafarsa, mai maɗauri mai mannewa da za a iya sassautawa yayin da yake girma, in ta yi masa kaɗan ƙaninsa ya gada. Idan kuma kuɗin abu ɗaya ne a hannu, ki fara da hular kwano ta keke, mai lambar EN 1078, wadda ta zauna masa daidai a kai, sannan safar hannu, domin yaro da tafin hannu yake fara tarar ƙasa. A kuma sa mai gyaran keke ya duba birkinsa na gaba da na baya kafin ya bi su.

TAMBAYA: Ni da dogon wando nake hawa, ba na sa gajere. A saman wando zan ɗaura kariyar ko a ciki? Kuma yaya zan yi idan salla ta riske mu a daji? Daga wani mai karatu a Ƙofar Doka.

AMSA: Malam, a ciki za ka sa, a kan fata, domin robar riƙo ba ta kama yadi, idan ka ɗaura a saman wando tare za su yi ta zamewa. Ka nemi wando mai yalwa a gwiwa amma mai tsukakken baki, don kada sarƙar keke ta cafke shi. Mutum irinka ya fi dacewa da wadda ake buɗewa ta gefe da zif ko maɗauri, domin za ka naɗe ƙafar wando ka cire ta ba tare da wahala ba, ka yi alwala, ka yi sallarka cikin natsuwa, ka mayar. Idan kuwa mai zurawa ce kamar safa, ka fara yin alwala tana nan a gwiwa yadda ba za ta rufe idon sawu ba, sannan ka sassauto ta zuwa ƙwauri don zaman tahiya ya yi maka daɗi. Kafin ka ja ta sama, ka karkaɗe yashin da ya maƙale a fatar gwiwar da kuma cikin kariyar.