Na shigar da mata 14, uku kaɗai suka rage: yaya zan raini 'yan layina?

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni 'yar Zumuntar Mata ce a Kafanchan. Shekara guda ke nan ina kasuwancin netwok, irin wanda ake sayar da sabulu, man shafawa da shayin ƙarin lafiya, ana kuma samun kamasho daga cinikin waɗanda mutum ya shigar. Na shigar da mata 14, yawancinsu 'yan cocinmu, amma yanzu uku ne kaɗai ke motsi. Wasu ma gaisuwarsu ta yi sanyi. Wadda ta shigar da ni ta ce in ci gaba da kawo sababbi, wai haka harkar take. Zuciyata ba ta kwanta ba. Ta yaya zan raini mutanena har su tsaya da ƙafarsu, ba tare da na ɓata shaidata ta Kirista ba?

Amsa: 'Yar'uwa, alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Kada ki danne wannan rashin kwanciyar zuciya. Shawarar a yi ta kawo sababbi waɗanda ke samanki a layi take amfana, domin kowace sabuwar rajista akwai abin da take haurar musu. Matan nan 11 kuwa, wataƙila yawancinsu ba su mayar da kuɗinsu ba, kuma ke ce za ki zauna benci ɗaya da su ranar Lahadi.

Kafin maganar raino, ki auna kamfanin, don ba a rainon mutum a kan abin da zai cuce shi. A 1979 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta yanke hukunci cewa kamfanin netwok mai suna Amway ba damfarar da kuɗin sababbi ke biyan tsofaffi ba ne, kuma ƙa'idoji uku ne suka taimake shi: mai rarrabawa ya sayar da aƙalla kashi 70 cikin 100 na kayan da ya saro, ya sayar wa masu saye goma daban daban kowane wata kafin ya ci kamasho, kuma a karɓi kayan da suka ƙi fita a mayar masa da kuɗi. Ki ɗora kamfaninku a kan wannan ma'auni. Ki duba lambar NAFDAC a jikin kowane kaya. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ita kaɗai ba shaidar gaskiya ba ce, rajistar suna ce kawai. Tambaya mafi nauyi ita ce: wanda ba ya cikin harkar zai sayi sabulun nan a wannan farashi, ya dawo ya sake saye? In amsar a'a ce, kuɗin rajistar sababbi ne ke biyan tsofaffi, wato hanyar da harkar zuba kuɗi ta MMM ta bi har ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Lissafi ma ya ƙaryata ta: in kowa zai kawo biyar, mataki na 12 kaɗai yana buƙatar mutum fiye da miliyan 244. In haka kamfaninku yake, fita za ki yi, ki kuma faɗa wa matanki dalili.

In kayan na fita da kansu, to ki rage yawan waɗanda kike riƙewa. Uku a lokaci guda sun ishe ki, kuma ga ukun nan a hannunki. Markus 3:14 ya nuna Yesu ya zaɓi sha biyun domin su kasance tare da shi, sa'an nan ya aike su. Zama tare ne ya riga aika. A 2 Timoti 2:2 kuma Bulus ya ce a danƙa abin ga amintattun mutane waɗanda za su iya koya wa waɗansu. Muna jan kunne a nan: ayoyin nan maganar bishara suke yi, ba ta sabulu ba, kuma mai ɗaukarsu ya ce Yesu ne ya kafa kasuwancin netwok ya yi wa Nassi ƙarya. Abin da muke ara shi ne hanyar koyarwa, kaɗan kaɗan, kusa da juna, da zaɓen mai aminci a kan mai zafin nama.

Zama na farko da kowace mace, da takarda da biro za a yi shi. Luka 14:28 ya ce mai son gina hasumiya yakan fara zama ya lissafta abin da za ta ci. Ku rubuta kuɗin rajista, kayan da dole a saya kowane wata don asusu ya zauna a buɗe, kuɗin mota, data da katin waya. A ɗaya gefen ku rubuta ribar kowane kaya. A misali, in rajista naira 40,000 ce, ribar kaya ɗaya kuma 800, sai ta sayar da kaya 50 kafin jarinta ya dawo, ban da kuɗin mota. Ki faɗa mata ainihin abin da ke kanki kike samu a wata bayan kin cire abin da kika kashe, ba na wanda ya ci mota a taron kamfani ba. Kada ki karɓi wadda za ta shiga da rance, da kwasar adashen da aka tanada don wata lalura, ko da kuɗin makarantar yara. In matar aure ce, maigidanta ya sani tun farko. Wasu za su ga lissafin su fasa. Ki bar su su tafi da zumuncinku a raye.

Daga nan sai horon wata uku. Mako biyun farko ta yi amfani da kayan da kanta, ta haddace farashi da yadda ake amfani da su, ta bi ki wurin ciniki aƙalla sau uku tana kallo. Daga mako na uku zuwa na shida ita ke magana, ke kina gefe. Nan ne yawancin masu raino ke faɗuwa: da ta fara in-ina sai su karɓe zancen, cinikin ya faɗa, amma yarinya ba ta koyi komai ba, gobe ma sai an raka ta. Ki yi shiru ko da cinikin zai kuɓuce. Bayan kun fito ki faɗa mata abu ɗaya da ta yi daidai da abu ɗaya da za ta gyara. Ɗaya kawai, don gyara biyar a lokaci guda karya gwiwa yake yi. Daga mako na bakwai ta fita ita kaɗai, ko ki haɗa su biyu biyu su riƙa ƙarfafa juna.

Kowane mako ku zauna minti 30 zuwa 45, rana ɗaya tsayayya, da littafin cinikinta a buɗe. Lambobi huɗu za ku duba: mutum nawa ta yi wa magana, nawa suka saya, nawa suka dawo, nawa ya rage a hannu bayan an cire kashe-kashe. Lambobin ne za su nuna miki inda ciwon yake. In na farko ne ƙarami, kunya ce ko tsoro, sai ki sake raka ta. In tana magana da mutane da yawa ba sa saye, ko bayaninta ne bai fita ba, ko tana kai kaya masu tsada inda babu kuɗinsu. In suna saye ba sa dawowa, ba ta bibiya, sai ta riƙa kiran mai saye bayan kwana bakwai, ta kuma sake kira lokacin da kayan ke dab da ƙarewa. In komai na tafiya amma hannu wayam, ki duba bashi da kuɗin mota. Bashi ya kashe ƙananan 'yan kasuwa da yawa a cikin coci, domin 'yar'uwa tana jin nauyin bin 'yar'uwa kuɗi. Ku kafa doka tun farko: kuɗi hannu, ko rabi yanzu da ranar cikawa a rubuce.

Ba za ta shigar da kowa ba sai ta mayar da jarinta, tana kuma da masu saye kamar goma da ke dawowa. Wadda ba ta iya sayarwa ba, me za ta koya wa ta ƙasa da ita? Wannan dokar za ta rage miki saurin hawa matsayi, mun sani, amma layin da aka gina haka ba ya zubewa kowane wata uku.

Abubuwa biyu ki hana kanki ki hana su. Na farko, sayen kaya a jibge a ɗaki don cika maki a ƙarshen wata. Matsayin zai zo, kayan kuma su zauna har ranar lalacewarsu ta wuce. Na biyu ya fi muni: cewa shayi ko ƙwayar ƙarin lafiya na warkar da ciwon suga, hawan jini ko rashin haihuwa. Akwai mai jin haka ya ajiye maganin asibiti, kuma alhakinsa a wuyan mai talla yake. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, kuma zuzuta kaya fiye da abin da suke yi algus ne.

Game da coci, ki raba taron zumunta da tallar kasuwa. Kada ki gayyaci mace addu'a sa'an nan ki fito da fom, kada ki tsaya ba da shaida ki ƙare da sunan kamfani. In kina riƙe da muƙami a Zumuntar Mata, ki sani wasu kunyarki ce ta shigar da su, ba sha'awa ba. Yin addu'a tare da 'yan layinki abu ne mai kyau, amma kada a ce wa wadda ba ta yi ciniki ba bangaskiyarta ce ta kasa. A buɗe littafinta a duba.

Matan nan 11 kuma, Matiyu 5:23-24 ya ce wanda ya tuna ɗan'uwansa na da wata magana a kansa ya je ya shirya da shi tukuna. Ki same su ɗaya bayan ɗaya a gida, ba don ki dawo da su ba. Ki tambayi abin da kowacce ta kashe da kayan da suka rage mata. Waɗanda ba su lalace ba ki taya ta sayarwa ga masu sayenki ba tare da kin ci riba a kai ba, ko ki bi mata hanyar mayar wa kamfani in dokarsu ta yarda. In akwai wadda kika yi wa alkawarin samun da bai tabbata ba, ki faɗa da bakinki, ki nemi gafara, ku yi shawarar yadda za a rage mata asarar.